Karatun Auta

"Wai a rasa wadda za a kawo mana sai mai koyar da 'yan firamare?" in ji Yaya Babba tana yatsina. "Wallahi Dogo, in dai ina numfashi ba za a yi auren nan ba!"

Malama, wadda Dogo ke son aura, na durƙushe a falon, gaisuwa ta zo yi, ko kallon arziki ba ta samu ba. Dogo, ƙanen Yaya Babba, ya rako ta yana ba ta haƙuri. Ta share hawaye ta ce, "Sai na rama, ko da zan rasa ka!"

Ramuwar kuwa har aji ta kawo kanta. Aka ba Malama ajin su Auta, 'yar Yaya Babba, wadda ake cika baki da ita a dangi wai karatu take kamar ruwa. Malama ta rufe hoton shafi da tafin hannu ta ce ta karanta, sai yarinya ta yi tsuru-tsuru. Ashe hadda ce kawai: ta ga hoto, ta zubo abin da ta ji. Ko harafi biyu ba ta iya haɗawa.

Daɗi ya kashe Malama. Ranar taron iyaye Auta ce za ta yi karatu. Shafi marar hoto za ta miƙa mata, uwar ta sha kunya a kujerar gaba.

Da ta gaya wa Dogo a waya, ya ce, "Yaya ce ta ci mutuncinki. Auta me ta yi miki?"

"Au, bayansu kake bi?" Ta kashe wayar.

Washegari Auta ta riƙe mata gefen mayafi tana kuka. "Anti, don Allah kar ki gaya wa Mami, dukana za ta yi."

Tausayi ya kama Malama. Haushin na nan daram, amma kullum aka fita tara sai ta zaunar da yarinyar, baƙi da wasali, har bakinta ya buɗe.

Ranar taro Auta ta yi karatu a hankali, tana tuntuɓe tana gyarawa, har ƙarshe. Da bakinta ta gaya wa uwarta komai.

Yaya Babba ta iske Malama a aji, ta kasa haɗa ido da ita. "Ki yafe mini, ƙanwata. Ki ce wa Babanki manyanmu na nan tafe neman aure."

Da a ce Malama ta huce haushinta a kan yarinya, da ta rasa Dogo, ta rasa mutuncinta. Haƙuri ya rama mata fiye da yadda ta shirya.