Ɗan Mai Tukwane na Ushafa

A bakin ƙofar ajinta ya fara ganinta. Najwa na koyar da lissafi a wata sakandare a Bwari, shi kuwa Zakariyya ma'aikatar ilimi ce ta turo shi duba makarantu.

"Uku, biyar, bakwai," in ji ta, "babu mai rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. To, duk lambar mara haka take?"

Ajin ya ɗauka, "Eh, Malama!"

"Tara fa?" in ji baƙon daga ƙofa.

Ta harare shi don ya riga ta, sannan ta ce wa ɗalibai, "Kun gani? Misali dubu ba ya tabbatar da hasashe, amma guda ɗaya tak ya isa ya rushe shi."

Kafin a ce me, soyayya ta yi nisa. Sai dai wani abu ya tsaya wa Najwa a rai: kowace Asabar wayarsa a kashe take. Da yamma saƙo zai shigo: "Hasken idona, yi haƙuri, wani ɗan aiki ne ya riƙe ni." Wane aiki kuma ranar Asabar?

Yayarta Talatu ta taɓe baki. "Ke dai ba kya ji. Mijina na farko ɗan ministiri ne, haka ya fara, mijin ƙawata Lubna ma haka. 'Yan ministiri duk halinsu ɗaya. An ga motarsa a Ushafa, wallahi mace ya ajiye."

"Yaya, mutum biyu ne fa kawai."

Bakinta ne ya faɗi haka, amma zuciyarta ta riga ta yarda. Da zancen ya kai kunnen Abbanta, shi ma ya ce a dakatar da maganar sa rana.

Ranar Asabar ta hau tasi sai Ushafa, kishi na cin ta. Bayan wani gida ta hango shi cikin hayaƙi, da tsohuwar singileti, yana jera itace a kan ɗanyun tukwane. Mace kam akwai: wata dattijuwa, hannunta duk yumɓu.

Da ya gan ta, sai ya daskare. "Najwa... Innata ce. Ranar Asabar take gashin tukwane, ƙarfinta kuma ya ragu. Da sana'ar nan ta yi min karatu."

"Shi ne ka ɓoye min?"

"Sau biyu ina neman aure. Da sun ji ɗan mai tukwane ne, sai a daina ɗaga wayata. Na ɗauka ke ma haka za ki yi."

Kunya ta kama ta, tausayinsa ya cika mata ido. Ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa. "Inna, ina wuni. Ni ce Najwa."

"Ke ce? Kullum sai ya ishe ni da sunanki. Taso, 'yata, kar ki ɓata kayanki."

Ba ta tashi ba. Dattijuwar ta dafa kanta, yumɓu ya shafi farin mayafinta.

Da Abba ya ji gaskiyar lamarin, aka sa rana, bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Abba da kansa ya sa Inna a motar gaba, ita kuwa tana ta share hawaye tana cewa, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."