Ruwan Zafi a Ramin Cinnaka

Rana ta sunkuya a kan Wakra, wani garin bakin teku a ƙasar waje, lokacin da Dikko ya kammala gyaran ɗan filin da ke ta baya a gidansu na haya. Kwana huɗu ya yi yana aikin, duk sa'ad da ya taso daga tuƙin motar kamfani. Ya tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe, ya datse ƙayar magaryar da ta leƙo ta kan katanga, ya sa wa murfin tankin ruwa kwaɗo, ya shimfiɗa ciyawar roba. Duk don Shetu, 'yarsu mai shekara ɗaya da rabi, wadda zaman ɗaki ya ishe ta.

Matarsa Haulat ta sauke yarinyar a kan ciyawar ta shiga alwala. Shetu ta yi taku biyar zuwa kusurwar katanga, sai ta tsandara ihu. Cinnaka ne suka hau ƙafarta daga wani rami da Dikko bai lura da shi ba.

Ya kakkaɓe ta ya miƙa wa uwar, ya jona butar lantarki. Ana kiran magariba ya fito da ruwa yana tafasa. A gida, mahaifiyarsa ba ta taɓa zubar da ruwan zafi a ƙasa ba sai ta yi bisimilla ta ce a kawar da yara, kuma ba ta yi da magariba sam. Ya san haka sarai. Amma kukan 'yarsa ya cika masa kunne, ya juye butar duka a ramin bai ce uffan ba.

Wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, kamar na jinjiri. Sannan shiru.

Washegari da magariba jifa ya fara. Tsakuwa tukuna, a kan rufi, sannan duwatsu. Ɗaya ya fasa taga ya dira kan filon Shetu. Dikko ya leƙa titi, babu kowa sai motoci a jere. A yammaci na uku ya tarar da Haulat a tsugune a kusurwar nan, tana tonon ƙasa da farce har jini. Ya dafa kafaɗarta.

"Maman Shetu, tashi mu shiga ciki."

Ta waigo da idanun da ba nata ba, ta kifa masa marin da ya haɗa shi da katanga.

Aka kira Malam Ja'afar, wani dattijo mahaddaci da ke aikin gadi a unguwar Mansura. Ya iso a rana ta huɗu gab da faɗuwar rana. Haulat tana cikin hayyacinta a lokacin, har ta ɗora ruwan shayin baƙo. Malam ya zaunar da ita a tabarma, Shetu na barci a gefe, ya soma karatu a hankali. Ɗakin ya yi nauyi. Wuyanta ya sandare, wata murya mai kaushi, ta tsohuwar mace, ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Muna nan tun wurin nan ana shanya kifi. Tambayi wancan. Ya kwashe ƙaya saboda tasa 'yar, ya zuba wa nawa ɗan wuta. Ko sallama babu."

Dikko ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ki yafe mini."

"Ka sani. Uwarka ta koya maka."

Malam ya ce, "Ya yi kuskure, ya amsa. Faɗi abin da zai sa ki fita."

"Fatar ɗana ta saluɓe. Fata nake so, ta yarinyar."

"Yarinya ba ta yi miki komai ba. Ba za a ba ki ba."

Ya ɗaga murya da karatu. Haulat ta miƙe tsaye kamar an fizge ta da igiya, ta hankaɗe dattijon ya bugu da ƙofa, goshinsa ya fashe. Taku biyu ta kai ga butar shayi. Dikko ya ga inda ta nufa. Bai kama hannunta ba, ya san ba zai iya ba. Ya faɗa kan Shetu ya rufe ta da ƙirjinsa.

Ruwan ya sauka a gadon bayansa, duka. Ya ji riga ta manne da nama. Ya ciji tabarma, bai motsa ba, yarinyar na ta tsala kuka a ƙarƙashinsa, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Butar ta faɗi.

"Bai kauce ba," muryar ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ni ma da ina kusa, haka zan yi."

Malam ya share jinin idonsa. "Kin zalunci mutum a gabana. Ki ji tsoron Allah ki fita, ko in ci gaba."

"A bar mana kusurwar nan. A katange ta, kada yarinyar ta taka."

"Za a katange. Ke kuma ba ke ba gidan nan. Rantse."

"Na rantse da wanda ya halicce ni da ku. Khalas, shi ke nan."

Haulat ta yi atishawa sau uku ta zube.

Da ta farfaɗo, Malam yana yanka rigar Dikko da almakashi, yana kwarara masa ruwan sanyi, motar asibiti na hanya. Ta rarrafo, ta ga bayan mijinta.

"Abban Shetu! Wa ya yi maka haka?"

Malam ya sunkuyar da kai. Dikko ya dubi tafin hannunta na dama, inda tururi ya bar jan tabo, ya kamo shi ya rufe da nasa kafin ta gani.

"Ni ne," ya ce. "Garin gaggawa. Ɗauki yarinyar, tana neman ki."