Mafici Biyu Daga Tokyo

Fasto yana cikin karanta sanarwar aurenmu, Beatrice, ɗaya daga cikin mawaƙan coci, ta buɗe mafici daga kujerun kwaya...

Na daina jin komai.

Ja ne, mai naɗewa, da zanen doguwar hasumiya a jiki. Sak irin wanda ke cikin jakata!

Kumai, saurayina, shi ya kawo mini nawa daga Japan, inda Reluwe ta tura shi kwas. Ranar da ya dawo Kafanchan ya baje hotuna a tabarmar gidanmu, yana ta zuba.

"Afiniki, ga hasumiyar Tokyo. Ƙarfe zalla, ja da fari! Wani akwati ke ɗaga mutane sama. Da na leƙa ƙasa na ga jiragen ƙasa kamar tsutsotsi."

"Kai da wa kuka hau?"

"Da 'yan kwas mana! Daga nan sai tsohuwar unguwar haikalinsu, Asakusa. Fitilar takardar da ke ƙofa ta kusa ɗakin nan girma. Mutane na jawo hayaƙin turare da hannu suna shafa wa kansu."

Babana, dattijon ikkilisiya, ya ɗago kai. "Kai ma ka shafa?"

"A'a Baba, tari kawai na yi."

Kumai ya juyo gare ni a hankali. "A layin shagunan gaban haikalin na zaɓo miki wannan, masoyiyata."

Yau ga ɗan'uwan maficin nan a hannun Beatrice, tana fifita tana kallona.

Ban yi kuka ba. Na rera waƙar rufewa har baitin ƙarshe, sannan na tare shi a bayan coci.

"Mafici nawa ka saya?"

"Biyu... ɗayan na Mama ne."

"Mama ce ke waƙa a kwaya yau?"

"Afiniki, na rantse..."

"Riƙe rantsuwarka. Ta da babur, mu je gidanku a Madakiya. A gabana za ka tambayi Mama."

Duk hanya ban riƙe kugunsa ba. Ina ta tunanin wa ya ɗauki hotunan nan, wa yake yi wa murmushi a cikinsu.

Mun sami Mama a ƙofar gida, ko kallabin coci ba ta cire ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa ɗanta kawai.

"Mama, ina maficin da na kawo miki?"

"Na ba Beatrice. Ni na ce ta buɗe shi yau." Ko kunya babu. "Ita za ta bi ni gonar citta. Wannan malamar, alli zan ci?"

"Mama," na ce, "kuɗin citta ya kai ni kwaleji. Na iya noma, na iya alli, ba zan ajiye ko ɗaya ba."

Na juya ga Kumai. Abin da zai faɗa yanzu nake jira. In ya yi shiru, da ƙafa zan koma Kafanchan.

Ya dubi Mama.

"Mama, ki yi haƙuri. Saura sanarwa biyu a ɗaura aure. In kin zo ɗaurin auren, kujerarki tana gaba. In ba ki zo ba... Afiniki zan aura."

Ta zo.

A kujerar baya ta zauna, fuska a ɗaure. Na ɗage lulluɓina, na taka har can, na durƙusa a gabanta cikin farar rigata.

Ban tashi ba sai da ta amsa gaisuwata.