Albasa Bakwai da Gero Biyu

"Safinatu, kin sake haɗa su!"

Attahiru ya dafe kai yana dariya. Bayan la'asar ne, suna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan su Safinatu a Bodinga, shi bisa benci, ita bisa tabarma. Shekarar tsuke bakin aljihu ce, sabulu ma sai an yi layi, balle alli. Da tsinke ya rubuta mata a rairayi: 3a + 2g + 4a. Ita kuwa ta rangaɗa 9ag a ƙasa.

"To mi na yi kuma, Malam? Uku da biyu da huɗu ba tara ba ne?"

"Tara mi? Ki ɗauka a albasa ce, g gero. Buhu uku da buhu huɗu na albasa, bakwai ke nan. Gero biyu shi tsaya inda yake. Masu harafi iri guda kaɗai ake tarawa."

"Ni dai tausayin geron ga nika ji... an bar shi shi kaɗai."

"Wanga tausayin shi zai sake kayar da ke a jarrabawa."

Malamar firamare ce, lissafi kaɗai ya hana ta takardar shaidar malanta. Shi kuma daga Shagari aka turo shi makarantarsu, ya ce zai taimaka mata. Taimako dai har ya zama abin da ya zama. Gaskiyar magana, tuni yarinyar nan ta gane dokar sarai. Dariyarsa take so, shi ya sa kullum take haɗa albasa da gero, shi ma kuma bai taɓa gajiya da gyara mata ba.

Da ya turo magabatansa, Baffa Mode, ƙanen marigayi mahaifinta, ya hau mota ya tafi Shagari bincike. Ranar da ya dawo, Inna ta kira ta ɗaki. Ba ta ko iya duban idonta ba.

"Ɗiyata, ba a sami aibi ga halinshi ba. Amma gidansu gidan fawa ne."

"Na sani, Inna. Shi ya gaya mini da bakinshi tun ranar farko."

"Mu kuwa gidan malamai ne. Ba irinmu ba ne."

"Naman da muke ci fa, ba ta hannunsu yake bi ba? Ba sahu guda suke sallah da Baffa ba?"

Inna ta share ido da bakin zane.

"Ni ban hana ki ba, wallahi. Baffanki ma ya ce zaɓi na gare ki. Sai dai dangin wanda zai auri Aminatu sun aiko. Sun ce in mahauta suka shigo, su sun fita."

Aminatu ƙanwarta ce, wadda ta goya da bayanta. Saura kaɗan bikinta, har an fara dakan gero. Safinatu ta leƙa tsakar gida ta hango ta zaune da ɗinkin hula a cinya, allura a tsaye, ido ya kumbura. Ko kalma ɗaya yarinyar ba ta roƙe ta ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Kwana da kwanaki ba ta iya cin abinci. Son Attahiru take kamar ranta, ba ta kuma san da wane baki za ta gaya masa ba.

Ran Asabar ya zo da fara'arsa, ya jingina keke a jikin darbejiya.

"Ranki shi daɗe, sarauniyar kuskure. Yau ma gero zai sha tausayi?"

Ya share rairayi da tafin hannu, ya rubuta lissafin nan nasu, ya miƙa mata tsinken. Ta daɗe tana kallon haruffan kafin ta sunkuya ta rubuta: 7a + 2g.

Dariyar da ya tanada ta ɓace. Ya dubi ƙasa, ya dube ta. Ya ji labarin zuwan da Baffa ya yi Shagari, ba ya bukatar ƙarin bayani.

"Sake dubawa, Safina... ko kin yi mantuwa."

"Ba mantuwa, Malam."

"Don Allah, masoyiyata. Ki yi mini kuskuren nan ko sau guda."

"Aminatu..." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, hawaye suka ƙwace mata.

Can ya karɓi tsinken, ya ja alamar daidai a gefen amsarta, yadda yake yi wa ɗalibai.

"Daidai ne. Ni na koya miki da kaina, wa zan kai ƙara?" Ya ajiye tsinken. "Za ki ci jarrabawa, in sha Allahu. Ki gaishe da Inna."

Bai hau keken ba, turawa ya yi har ya sha kwana. Kafin hutu ya nemi a mayar da shi Shagari, aka mayar.

An yi bikin Aminatu lafiya. Safinatu ta ci jarrabawa, lissafin ma da maki mai kyau. Ranar da sakamako ya fito mata suka cika gida da guɗa, ita kuwa ta zame ta fita ƙofar gida, ta zauna ƙarƙashin darbejiya. Ta share rairayi, ta ɗauki tsinke ta rubuta 9ag, ta jira.

Ba wanda ya yi dariya.