Garwashin Ƙarƙashin Mota

Magaribar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran magaribun hunturu ba. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar kan dutse, mutanen kwarin ba shiga ba fita. Mirzoshoh ya ajiye motarsa a tsakar gida ya kashe ta. Direban haya ne mai kai mutane Dushanbe, babban birni, kuma da kakar nan ya rabu da tsohuwar motarsa mai kafireta, ya sayo mai injekta, irin wadda kwamfuta ke auna wa mai da iska. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna shan shayi da shi sai ya sha labarinta har ya gode wa Allah.

Yana cikin alwala dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gida. Jim kaɗan wani ya biyo. Matarsa Gulandom ta leƙa waje, ba yaro ba kare. A ɗaki kuwa 'yarsu Mohtob ta saki gurasar da ke hannunta, ta ce sanyi take ji. Aka jibga mata bargo kan bargo, aka kawo ta gindin murhu, jikinta bai bar ɓari ba.

Da safe motar ta ƙi tashi. Ya murɗa makulli, ta yi tari ta mutu. Ya tattaka totur yadda ya saba yi wa tsohuwar, ta ƙara shaƙewa. Da ƙyar ta kama, amma tana tsaye tana kakkarwa kamar mai masassara, allurarta na hawa tana sauka. Gulandom ce ta fara lura da abin da ya tsinka musu zuciya. Injin na ɗaukar zafi, yarinyar ta buɗe ido ta nemi shayi. Ana kashe shi ya huce, ta koma gidan jiya.

Mirzoshoh bai so ya yarda ba. Ya aika aka kira Usto Bobojon, bakaniken ƙauyen ƙasa, mutum mai baki kamar reza. Usto ya canja fulogi, ya wanke nozul, ya goge maƙogwaron iska da baƙin datti ya toshe. Ya cire sansar da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa ya sa wata, don a cewarsa idan ta yi ƙarya mota ba ta sanin ana sanyi. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana neman inda iska ke satar hanya. Na'urar gwajin da ya jona wa motar ta ce babu laifi ko ɗaya.

"Motarka ta fi ka lafiya," in ji shi. "Ƙafarka ce ba ta waye ba."

Sannan ya kara kunnensa a bututun iska, injin a kashe. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, bakin nan nasa ya mutu. Ya tattara kayansa, ya ce wani abu na numfashi a ciki, ya fita ko shayi bai tsaya sha ba.

Daga nan gidan ya zama kurkuku. Ba dama a kai yarinya asibitin birni, ba dama a kashe mota. Mirzoshoh ya bi maƙwabta da jarka har kowa ya zazzage masa abin da ya rage, tankar mai kuwa tana can bayan dutse. Sai ya wuni a kujerar direba, ba ya zuwa ko'ina, idonsa a kan allurar mai tana gangarawa. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba a kan kowace hanya.

Ranar da jar fitilar ƙarewar mai ta kama, Gulandom ta tafi da ƙafarta ta ɗauko Domullo Eshonkul, tsohon malamin da ke ruƙiyya. Ya iso rana na faɗuwa, ya ce a kashe injin. Mirzoshoh ya roƙe shi kada a kashe. Malamin ya ce ba a magana da baƙo sai ya fito daga ɗaki.

Aka kashe injin. Domullo ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu a hankali. Duwatsu suka yi ta zuba a kwano, sannan suka tsaya cak. Mohtob ta tashi zaune, ta takure kamar mai shekara ɗari, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ni ba muguwa ba ce. Ka tambayi wannan ina kaskona."

Nan Mirzoshoh ya tuna. Duk hunturun duniya yakan tura kaskon garwashi ƙarƙashin tsohuwar motar da magariba, don kada man inji ya daskare. Wanda ya sayar masa da sabuwar ya gargaɗe shi kada ya kuskura, tiyonta na roba ne, gobara za ta yi. Shi kuwa ya mai da kaskon abin ba kaji dusa. Ashe tsohuwar aljana ce ke kwana a gefen garwashin tun kafin a haifi Mohtob. Da ta rasa shi ta shige bututun mota, injin na hucewa ta koma jikin yarinya.

Ta ce a bar mata yarinyar, jininta da ɗumi. Domullo ya ɗaga murya da karatu har ta yi kururuwa ta janye. Ta ce to a mayar mata da garwashinta, a gindin katanga inda tsohuwar motar ke tsayawa, kullum kafin rana ta faɗi. Malamin ya ce da hunturu kaɗai, kamar da. Ta ce ƙashin tsohuwa bai san bazara ba, kuma mai mantuwa ba a sake ba shi hutu. Ya ce to Gulandom ta riƙa sawa.

"Hannun da ya saba," in ji muryar. "Ranar da rana ta faɗi babu shi, na san inda zan sami ɗumi."

Domullo ya dubi Mirzoshoh. Kowa a ɗakin ya san Dushanbe tafiyar wuni ce cur, zuwa kawai. Mirzoshoh ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun yi shuɗi.

"Na yarda," ya ce.

Yarinyar ta yi atishawa ta faɗi a jikin uwarta, gumi na keto mata.

Washegari motar ta tashi a murɗa ɗaya, injin na tafiya lafiya lau har sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Bazara ta zo, hanya ta buɗe, direbobi suka yi ta wucewa birni da fasinja. Mirzoshoh yakan ɗauki nasa, ya kai su gadar da ke rabin hanya, ya sauke su su nemi wata motar. Su zage shi, su ce mota lafiyayya ta faɗa hannun rago. Shi kuwa yakan ɗan tsaya yana kallon kwaltar da ta miƙe gaba, sannan ya duba inda rana take, ya juya kan mota gida.