Matashin Ajara

Ranar Juma'a ce a shekarar 1993, Sufeto Hansai Uwaisu tana shirin fita cin abinci, sai ga wata mata gajera ta faɗo ofishin 'yan sanda na Tottenham a Landan tana haki.

"An sace mini mota! Wallahi ban bar key a ciki ba!"

Sunanta Ajara, 'yar zangon Kumasi, kuma ita ce mace ta farko da wani ɗan kamfanin tasi na mutanen Ghana ya ɗauka direba. Maza sun tafi masallaci, ita ta shiga cikin ofis ta yi azahar, kafin ta sallame motar kamfanin ta yi layar zana.

"Alhaji Abdul-Mumuni mai kamfanin ya ce in laifina ne, gobe in ajiye aiki," in ji ta. "Akwai mata biyu da ke jiran a ɗauke su aiki. Su ma an yi cancel ke nan."

Ran Hansai ya ɓaci. Ta san wannan waƙar, an sha rera mata ita.

Kafin la'asar aka tsinci motar a unguwar Woolwich, bayan kasuwa. An goga gefenta da bango, an ajiye ta a karkace, yadda duk wanda ya gani zai yi dariya ya ce tuƙin mata. Ba a fasa ƙofa ba. Kujerar direba tana gaba sosai, daidai ƙafar Ajara.

Hansai ta zauna a kanta, ta ɗaga ido, sai ta yi tsalle ta fito.

"Ephraim, zo ka gani! Madubin nan rufin mota yake nuna mini. Dogo ne ya tuƙa ta. Ya mayar da kujera, ya manta da madubi!"

Saje Ephraim, mataimakinta ɗan Jamaika, ya buɗe but. Ga matashin da Ajara ke ɗorawa ta zauna a kai, an cusa shi ƙarƙashin safaya.

"Kada ka gaya wa kowa wannan," in ji Hansai.

Da suka shiga ofishin tasin, direbobi suka miƙe suna gaida Ephraim da "ranka ya daɗe" na Turanci, har da ba shi kujera. Hansai kuwa, da ke cikin farin kaya, ko kallon kirki ba ta samu ba. Sun ɗauka sakatariya ce, kuma baƙuwa ga Hausa. Ta raɓe kusa da butar shayi abinta, daɗi kamar ya kashe ta.

Ephraim ya fara tambaya da Turanci. Makullan safaya a jikin ƙusa suke, kowa na iya ɗauka. Dogaye biyu ne a kamfanin, Sualihu da Masawudu.

"Ina kake lokacin sallah?"

"Masallaci," in ji Masawudu. "Sahun gaba."

"Kafaɗa da kafaɗa muka yi," in ji Sualihu, idonsa a ƙasa.

Ephraim ya juya zai yi magana da Alhaji. Masawudu ya karkata wajen abokinsa yana murmushi, ya ce da Hausar zango, mai ce wa mace shi, "Bar su su yi ta nema. Direba da sai an sa mishi pilo! To ga pilo can cikin but, ya je ya ɗauka."

"Malam Masawudu, wa ya gaya maka matashin yana cikin but?"

Hausa ce tangararas, ta Kano. Kofin Sualihu ya suɓuce ya tarwatse.

"Ni ce Sufeto," in ji Hansai, ta ɗaga katinta. "Mu biyu kaɗai muka buɗe but ɗin nan. Na ukunmu shi ne wanda ya rufe shi."

"Hajiya, wasa nake yi!"

"Sualihu, har yanzu kafaɗa da kafaɗa kuka yi sallah? Yi tunani, shaidar zur ɗauri ce."

"Ban gan shi ba, Hajiya! Roƙona ya yi!"

Masawudu ya zube a kujera, zufa ta karyo masa.

"Na daɗe a kamfanin nan," ya ce. "Yanzu ko wace mace ta bugo waya, Ajara take so. Asibiti Ajara, makarantar yara Ajara. In aka ƙaro biyu, mu ina za mu? Na ce in Ajara ya ji kunya, Alhaji zai sallame shi."

Alhaji Abdul-Mumuni ya miƙe. Ya ciro makullin sabuwar motar kamfanin, wadda Masawudu ke ja, ya miƙa wa Ajara.

"Ki yafe mini, 'yata. Matan nan biyu su zo Litinin."

Ajara ta rangaɗa guɗa, har masu shagon maƙwabta suka leƙo.

Ephraim ya sa wa Masawudu ankwa, ya tura shi bayan motar 'yan sanda, ya cilla wa Hansai makulli. Ta shiga, ta jawo kujera gaba, ta sauke madubi har ta hango fuskar ɓarawon a ciki.

"Riƙe da kyau, Malam," ta ce. "Mace ce za ta kai ka."