Ki Jira Ni a Nan

Dokin ƙofar banɗaki ne ya haɗa su, abin da babu mai son a faɗa a taron biki.

Liyana tana cikin wani ɗaki a Seri Kenanga, jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Pinang ta ƙasar Malesiya, tayoyin gaban kekenta sun cije a ɗan tudun ƙarfen da ke bakin banɗakin. Ga alamar keken guragu an liƙa a ƙofar ɗakin, sabuwa fil. Kamfanin ne ya gayyato ta, domin aikinta ke nan: ta shiga jirgi kamar kowane fasinja, ta gwada ƙofofi da lif da gangara, ta faɗa musu inda suka yi wa naƙasassu alƙawarin baki.

Wani ma'aikaci ya leƙo ɗauke da tawul, ya zube su a gado, ya miƙo hannu zai kama keken.

"Encik, kada ka taɓa," ta ce, Encik kuwa shi ne malam a harshensu. "In ka tura ni na wuce, gobe wa zai tura wadda ba ta same ka ba?"

Ya janye hannunsa. Maimakon ya tafi, sai ya durƙusa ya riƙe mata bakin tef ɗin awo. Rashdan sunansa, mutumin Kuala Kedah, dogo siriri, kunnuwa kamar an ba shi aro. Ya shaida mata, yana ɗan buɗa kafaɗa, cewa shi aka ɗora wa alhakin fito da ita in wani abu ya faru a teku. Ta tambaye shi ko ya taɓa sauko da mutum daga bene. Ya ce da buhun yashi suke gwaji.

"Buhun yashi ba ya jin tsoro," ta ce.

Ya yi dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba.

Akwai abin da ba ta faɗa masa ba, kuma ba ta faɗa wa kowa. Tana 'yar firamare, jirgin fito ya fara shan ruwa da su ita da mahaifinta. Abah, kamar yadda take kiransa, ya goyo ta ya hauro da ita sama, ya zaunar da ita a bakin matattakala, ya ɗaura mata rigar ceto. Ya ce ta jira shi a nan, yanzu zai dawo. Ya koma ƙasa. Wasu mutane ne suka sure ta suka jefa a kwale-kwale. Tun daga ranar, duk inda ta ji takun mutum yana sauka a matattakalar ƙarfe sai jikinta ya mutu, kunnenta ya tsaya jiran takun hawowa. Ta girma, ta yi karatu, ta zaɓi aikin da zai riƙa mayar da ita teku, amma a cikinta akwai yarinyar da har yanzu ba ta tashi daga bakin matattakalar nan ba.

Ranar da jirgin ya tsaya nesa da gaɓar Phuket, ƙananan jirage suka kwashi fasinjoji zuwa gari. Masu keke ba sa iya shiga, don haka aka bar ta a jirgi fayau, sai ƙugin inji da kiɗan da ake yi wa kujeru. Rashdan ya same ta a can ƙarshen baranda, nesa da bene. Bai tambaye ta komai ba. Ya ajiye mata shayi mai kumfa, ya zauna a ƙasa don kada ta ɗaga kai in za ta yi masa magana. Wannan zaman ne ya cuce ta, don a nan zuciyarta ta tafi.

Bayan ta sauka a Pinang, saƙonsa ya riga ta isa gida.

"Cik Mai Tef, yau na auna ƙofar ɗakin cin abinci da kaina. Keke zai wuce. Ni ne dai tun da kika sauka na kasa wucewa ko'ina."

Ta karanta har wayar ta yi zafi, sannan ta amsa.

"Encik Buhun Yashi, ka je ka yi aikinka. Ka ci abinci kuwa?"

Kafin 'ya'yan itacen durian su nuna a ƙauyensu Liyana, Balik Pulau, Encik ya koma Abang, wato yaya, Cik, wato malama, ta koma Dik, wato ƙanwa, kuma in ya ga ba kowa kusa sai ya ce Sayang, wato masoyiya.

Gidansu na katako ne a kan dirkoki, kamar sauran gidajen ƙauyen, kuma kullum sai an kira 'ya'yan maƙwabta sun ɗaga ta da kekenta sun haurar. Ranar da ta kawo shi, Mak Rohaya, mahaifiyarta, ta cika masa kwano da laksa, taliya mai romon kifi, ta ƙara masa, ta yabi ladabinsa. Sai da ya faɗi inda yake aiki ludayin ya tsaya a hannunta.

Bayan ya tafi Mak ta ce, "Teku ta ci mini ɗaya. Ba zan aurar da ke ga zaman jira ba."

Ta riga ma ta yi nata zaɓin: Khairil mai kantin magani, ɗan ƙawarta. Mutumin kirki ne, ba za a ɗauke masa wannan ba. Sai dai yana tura keken Liyana ba tare da ya tambaya ba, kuma in zai san ko ta gaji, Mak yake tambaya ta saman kanta. Ya yi alƙawarin in sun yi aure ba za ta ƙara ganin ruwan da ya fi na baho ba. Liyana ta gode masa, ta koma ɗaki ta yi kuka.

Ana cikin haka kamfanin ya sake kiranta, ita da wasu naƙasassu, don a yi atisayen ceto da mutane na gaske. Shawararta ce, ba ta da bakin ƙi.

Da hantsi aka yi, jirgin yana ɗaure a tasha. Jiniya ta ɗauka, aka kashe lif kamar yadda ake yi in wuta ta tashi. Rashdan ya raka ta har bakin matattakala, inda za a kawo kujerar saukarwa. Sai ya waiga, ya ga babu Uncle Teoh, wani dattijo kurma da aka ba ɗaki a hawa na ƙasa. Jiniya ba ta gaya wa kurma komai.

"Dik, ki jira ni a nan," ya ce. "Yanzu zan dawo."

Ya sauka a guje.

Ta san rana ce tsaka. Ta san jirgin a ɗaure yake, har tana iya hango motoci a titi. Amma takun nan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɓace, sai ta ji warin man inji da gishiri, ta ji igiyar rigar ceto tana shaƙe mata wuya, ta ga dabe yana karkacewa. Ta buɗe baki ta kira, kuma ba Rashdan ta kira ba.

Da ya dawo riƙe da hannun dattijon, ya tarar da ita ta ƙanƙame ƙarfen bene, hijabinta ya jiƙe da zufa. Ya durƙusa a gabanta.

"Kada ka taɓa ni," ta ce. Irin maganar ranar farko ce, amma wannan karon babu ƙofar wasa a cikinta.

Aikinta dai ta yi shi tsaf. Ta gaya wa kamfanin a sa fitila mai walƙiya a ɗakin kurame, a daina barin kowa shi kaɗai a bakin bene, kuma keken mutum ya sauka tare da shi. Suka karɓa. Shi kuwa Rashdan layi ɗaya ya samu.

"Abang, Mak ta fi ni gaskiya. Ka yafe mini."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ta tare a ɗakinta da ke cikin gari, ta bar zuwa ƙauye don kada Mak ta ga idonta. Barci ya zama aiki. Da ta rufe ido sai matattakala, kuma yanzu taku biyu ne ke sauka.

Da ƙyar wata ƙawarta ta lallashe ta ta kai ta Balik Pulau wata Asabar. Tun daga bakin hanya suka ji bugun guduma. A gefen matakalar gidan, doguwar gangara ta katako ta taso daga gindin mangwaro ta lanƙwasa har baranda, da madafa a gefe biyu. Rashdan yana ƙarƙashinta, ƙusa a baki. Bai zo wurinta ba. Ya dai miƙo mata tef ɗin awo daga nesa.

Ba ta karɓa ba. Ta kama tayoyinta ta hau. Karo na farko a rayuwarta ta shiga gidan ubanta ba a hannun kowa ba.

Mak tana zaune a baranda tana gyaran barkono. Ta ce yaron nan ya zo neman jin laifinsa, ta kore shi. Jirginsu ya fita ya dawo, sai ga shi. Ta sake korarsa, ya sake dawowa, wannan karon da katako a bayan babur. A ƙarshe ta gaji ta ba shi labarin Abah, ya zauna a matakala yana kuka kamar nasa uban.

Sai Mak ta ture tiren gefe.

"Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kekenki ya koma ɗaukowa. Na ɓoye don kada ki ce saboda ke ne." Ta goge hannunta a zani. "Masu nutso sun same shi a kan matattakala, keken a naɗe a hannunsa, fuskarsa tana sama. Yana hanyar dawowa ne, Liyana. Bai ƙarasa ba ne kawai."

Liyana ta kifa kai a cinyar uwarta. A ƙasa gudumar ta yi shiru.

Da yamma, bayan ya tafi, saƙonsa ya shigo.

"Sayang, ba zan yi miki rantsuwa cewa kullum zan dawo ba, wannan a hannun Allah yake. Amma duk inda aka same ni, za a same ni ina fuskantar inda kike."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. A ƙarshe ta tura masa: "Gangararka ta ɗan yi tsaye a kwana. Ka zo ka gyara. Ka taho da iyayenka."

Khairil ya ji labari, ya aiko da fatan alheri da kwalin ruwan roba na biki.

A danginsu amarya tana zama a ɗaki har a gama ɗaurin aure a falo, sannan ango ya shigo ya ɗora hannu a goshinta ya yi addu'a. Rashdan ya roƙi Mak a bar wannan al'ada, a fito da Liyana ta zauna kusa da shi. Mak ta yarda nan take. Amaryar ce ta ƙi.

"Ka je, Abang," ta ce. "Zan jira ka a nan."

Jama'a sun yi wa falon yawa, sai aka mayar da ɗaurin auren rumfar da aka kafa a tsakar gida. Ƙawaye suka ruga kallo, ɗakin ya rage ita kaɗai, da lalle a yatsu da ƙamshin furen da aka zuba a gado. Ta ji takunsa yana sauka. Tsohon sanyin nan ya taso mata daga ciki, ta ƙyale shi ya zo, ta riƙe hannun kekenta. Daga ƙasa muryar liman ta taso, sai ta Rashdan, sai shaidu suka ce ya ɗauru.

Sannan katako ya fara amsawa. Taku ne, a hankali, yana hawowa.

Ƙofar ta buɗe. Ya tsaya da hularsa a karkace, kunnuwan nan sun yi ja.

"Na dawo, Dik."

"Na ji tahowarka," ta ce.

Ya durƙusa yadda ya saba, ya ɗora tafinsa a goshinta, ya yi addu'a. Mak tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, tana cewa Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a tagari, ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba, ya kuma dawo da kowane matafiyi ga mai jiransa. Daga rumfa har baranda aka amsa da amin.